2.3 Shigowar Famfo Gidajen Birnin Kano

Kafin zuwan Turawa, Kanawa sun dogara ne da rijiya da kududdufi, suna adana ruwa a randa da tulu. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), aka fara turo ruwa daga Chalawa zuwa birni. Ita kanta kalmar "famfo" an aro ta ne daga Ingilishi.

Famfon farko na unguwa ne, mai kai guda da ake murɗawa. Daga baya ya shiga tsakar gidan masu hali, sannan madafa da banɗaki, inda aka samu mai haɗa ruwan zafi da na sanyi. Sai dai mallakar famfo ba ta tabbatar da samun ruwa ba. Wannan ne ya sa har yau randa da 'yan garuwa ba su ɓace ba.