Littafin Maƙwabtanmu da Ɗakin Mace

Yau tarihin maƙwabta za mu taɓa, wato Hausawa Kirista, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne. Matansu na shigo mana gida da daddawa ko man gyaɗa, mu gaisa, mu yi ciniki, amma kaɗan ne a cikinmu suka san yadda littafinsu ya zo cikin Hausa, da abin da fassararsa ta jawo wa mata.

Abin ya faro ne da wani yaro mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta tun yana ƙarami. Turawa matafiya suka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan Bajamushe, James Schön, yana ba shi labarai, shi kuma yana rubuta Hausar daga bakinsa. A 1857 Schön ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa. Shi Dorugu daga baya ya dawo gida, a nan Kano ya rasu a 1912.

Sai dai Hausar Schön ta mai koyo ce daga nesa. Wanda ya ɗauki aikin gadan-gadan shi ne Likita Walter Miller. A 1900 ya zo Kano cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu bai ba su wurin zama ba, suka juya. A 1905 Miller ya zauna a birnin Zariya, a 1929 kuma aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Shi da wasu 'yan mishan da Hausawan da ke taya su suka yi shekaru suna tankaɗe da rairaya, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932.

To, a nan ne aikin ya yi wuya. Da wace kalma za a faɗi abu? Hausar da suka tarar ta riga ta sha ruwan Musulunci shekaru aru-aru. Haka suka ɗauki Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, addu'a, Attaura da Zabura. Shi ya sa in kin ji maƙwabciyarki Kirista ta ce "Allah ya kiyaye", ba kwaikwayonki take yi ba, haka yake a littafinta. Amma da aka zo kan sunan Annabi Isa, alaihis salam, sai suka zaɓi Yesu, sunan da ya raba fahimtarsu da tamu, domin su sun ɗauke shi Ɗan Allah, mu kuwa Annabi ne kuma Manzo. Fassarar 1932 ta ce Kristi, sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980 ta ce Almasihu. Kun ga kalma ɗaya ma sai an yi zama a kanta.

Zamanin Turawa ba a bar 'yan mishan sun yi wa'azi yadda suke so a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Ta hanyar magani suka samu shiga, kamar asibitin kutare na Yadakunya da asibitin ido na Kano, waɗanda mishan ɗin SIM ya riƙe. Daga SIM ne ikilisiyar ECWA ta tsiro a 1954. A shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai Maguzawa suka yi ta barin addinin kakanni, wasu suka musulunta, wasu suka shiga Kiristanci, har akan samu gida ɗaya, wa Musulmi, ƙane Kirista.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Bamaguje mai hali yakan tara mata, kuma matan nan ba kulle suke ba. Suna noma a gandun maigida, kowacce da gayaunarta, wasu na dafa giya su sayar. Da littafi ya shigo, sai masu wa'azi suka ce aure na mace ɗaya ne. Hujjarsu ita ce Allah ya halicci Adamu da Hauwa'u su biyu rak, kuma wasiƙun Bulus sun ce mai shugabantar ikilisiya kada ya wuce mata guda. Tun a 1888 taron manyan limaman Angilika a Lambeth, can Ingila, ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba muddin yana tare da su. Ɗariƙu da dama suka bi irin wannan layi.

Ki auna abin da kanki, 'yar'uwa. Mutum na da mata uku, yana son a karɓe shi sosai a majami'a, an ce sai ya rage biyu. Wa zai sallama? Galibi akan ce uwargida ce matar gaskiya. To, amarya mai goyo fa? Ta tsakiya mai 'ya'ya biyar fa, ina za ta? Gidan ubanta, inda watakila an riga an cinye dukiyar aurenta? 'Ya'yan kuma na uba ne a al'ada, in ta tafi sai ta bar su a hannun kishiya. Maza ne suka yi muhawara a kan aya, amma kayan ɗakin mace aka fitar waje. Wasu mazan suka ƙi, suka zaɓi zuwa majami'a har tsufa ba baftisma, ba cin Jibin Ubangiji, da dai su kori uwar 'ya'yansu.

Su kansu malaman Kirista ba su kwana lafiya da hukuncin ba. Wasu suka ce ai a cikin littafin nan Ibrahim da Yakubu da Dawuda duk sun zauna da mace fiye da ɗaya. Suka ƙara da cewa littafin ya tsananta a kan saki, to yaya za a gyara laifi da wani laifin? Masu riƙo da tsohuwar fahimta suka amsa cewa abin da Allah ya ƙyale a zamanin da, ba shi ne abin da ya tsara tun farko ba. Shekara 100 cif ana wannan ja-in-ja. A 1988 taron Lambeth ya sassauta: wanda ya shigo da matansa za a yi masa baftisma tare da su, ba za a tilasta masa sakin kowa ba, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar majami'ar wurin sun yarda. Wannan na Angilika ne kawai, sauran ɗariƙu kowacce da nata tsarin. Amma kan ƙara aure bayan an shiga addinin, kusan duk bakinsu ɗaya, ba a yarda ba.

Giya ma haka. Majami'un da suka fito daga SIM sun hana ta, macen da ke samun kuɗin cefane daga tukunyar burkutu sai ta koma ƙuli-ƙuli, daddawa ko kiwon awaki, irin sana'o'in da mu ma muke yi a cikin gida.

Matan ba su tsaya a matsayin waɗanda ake yanke wa hukunci ba. Sun kafa Zumuntar Mata, suna ɗinka anko, suna waƙa da kiɗan tulu, suna kai gudummawa gidan haihuwa da gidan rasuwa. Da yake addinin na son kowa ya karanta littafi da kansa, nan tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba suka koyi haɗa baƙaƙen boko. Macen da ta iya buɗe littafi ta nemo aya da yatsanta, ba a faye yi mata fassarar son rai ba. Wannan kuwa mu ma mun san shi, shi ya sa Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ɗinta ƙauyuka su koyar da mata, shi ya sa kuma muke ta roƙon magidanta su bar mu zuwa Islamiyya.

Don haka in ta sake shigowa da tallarta, ki shimfiɗa mata tabarma, ki tambaye ta labarin kakarta. Addininki naki, nata nata, amma haƙƙin maƙwabtaka yana kanku ku biyun. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.