Mayar da Saƙonnin Manhajoji Cikin Kanel na Linux: Bahasi a Kan kdbus da Binder Daga Mahangar Tasawa da Mayahi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin saɓanin da ya auku tsakanin masanan Linux daga 2012 zuwa 2015 game da shigar da aikin isar da saƙo cikin kanel, ta gwama kdbus da aka ƙi da Binder da aka karɓa, sa'annan ta nuna cewa larura tabbatacciya ce sharaɗin karɓa.

Muƙaddima

Manhajojin da ke aiki lokaci guda cikin kwamfuta ko wayar salula, kowacce a killace take a nata muhalli domin kada ɓarnar ɗaya ta shafi ƴar'uwarta, kuma kanel, wanda shi ne zuciyar tsarin baki ɗaya, shi ke raba musu ma'adana da lokacin aiki. To, da yake ba makawa sai sun yi magana da juna, mas'alar ita ce wa zai ɗauki saƙon. Ba baƙuwar mas'ala ba ce a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, domin duk sa'ad da manomi ko ɗan kasuwa ya danna alamar makirfo a WhatsApp cikin wayarsa ta Tecno ko Infinix, roƙon ɗaukar muryar tasa sai ya ratsa kanel ta hanyar Binder, mai isar da saƙo a irin waɗannan wayoyi, a buga masa shaidar manhajar da ta aiko shi, kafin a buɗe masa.

Asalin Saɓanin

A kwamfutocin tebur masu Linux, wannan hidima tana hannun D-Bus, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a Nuwamba 2006, manhajojin tebur na GNOME da KDE suka yi ittifaƙi a kansa. Matsayinsa kamar na dillali ne a kasuwar dabbobi, wanda mai saye da mai sayarwa ba sa ganawa sai ta bakinsa; kuma da yake D-Bus a wajen kanel yake zaune, Lennart Poettering ya ƙididdige a 2014 cewa tambaya ɗaya da amsarta sukan ci kwafi 10, da tantancewa 4, da sauyin hannu 4. Kamfanin Collabora ya gwada magani da AF_BUS a 2012, ba a karɓa ba. Daga baya Greg Kroah-Hartman, da Kay Sievers, da Daniel Mack, da David Herrmann suka zo da kdbus, wanda zai mayar da aikin D-Bus cikin kanel, ya kuma yi alkawarin rage kwafin zuwa 2 ko ƙasa.

Hujjojin Masu Ƙi

Da aka nemi shigar da kdbus cikin Linux 4.1 a Afrilu 2015, sai Andy Lutomirski da Eric Biederman suka yi inkari, bisa dalilin cewa bayanan izini da asali da yake liƙa wa saƙo suna iya buɗe ƙofar ta'adi. Shi kuwa Linus Torvalds, da ya auna da kansa, ya ga galibin jinkirin D-Bus daga rashin ingancin manhajojin waje yake tasowa. Ƙa'idar Linux ita ce abin da manhajoji suka riga suka dogara a kansa ba a karya shi, saboda haka kuskuren da ya shiga kanel ya zama amana a wuyan masu kula har illa masha Allahu, ga shi kuwa malamanmu na usulu sun gabatar da kawar da mafsada a kan jawo maslaha. Fedora, ɗaya daga cikin tsarukan Linux, ta janye kdbus a ƙarshen 2015.

Sakamako

Binder kuwa, wanda asalinsa OpenBinder ne na kamfanonin Be da Palm, an tabbatar da shi a Linux 3.19 cikin Fabrairu 2015, yana isar da saƙo da kwafi ɗaya, an kuwa karɓe shi ne domin miliyoyin wayoyi sun riga sun rataya a kansa. Ƙoƙarin kdbus ma bai tafi a banza ba, tun da memfd, wato ma'adanar da ake hatimcewa a miƙa ba tare da kwafi ba, ta shiga Linux 3.17 a 2014. Sa'annan Herrmann da Tom Gundersen suka fitar da dbus-broker a 2017, wanda ya samar da sauri daga wajen kanel, Fedora 30 ta ɗauke shi a 2019.

Kammalawa

Abin da ya bayyana shi ne, ba a ɗora wa kanel nauyi sai bayan awo ya tabbatar da cewa babu mafita a wajensa. Muna kira ga malamai da ɗaliban ilimin kwamfuta na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da su sa wannan muhawara cikin darussansu, su kuma gudanar da awon a kan wayoyi masu ƙaramin ƙarfi irin waɗanda mutanen Tasawa da Mayahi ke riƙe da su.