Koyar da Ƙa'idojin Riga-kafi ga Ma'aikatan Lafiyar Al'umma: Nazari daga Gwandu da Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata a koyar da ƙa'idojin riga-kafi ga ma'aikatan lafiyar al'umma, bisa la'akari da yanayin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, inda ta nuna cewa haddar jadawali ba ta wadatar da ɗalibi, tunda jadawalin kansa yana sauyawa kusan kowace shekara.

Gabatarwa

An fara horar da mataimakan likita a Jami'ar Duke ta Amurka a 1965 domin cike giɓin ƙarancin likitoci. Wanda ya fi kusa da wannan matsayi a Nijeriya shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, wato malamin asibiti a bakin mutanen karkara, wanda hukumar rajista da aka kafa a 1992 ke kula da horonsa da lasisinsa. A Kebbi, kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jega na yaye irin waɗannan ma'aikata, kuma madogararsu a wurin aiki ita ce kundin umarnin dindindin, littafin da ke fayyace abin da za su yi da kansu da abin da za su tura gaba, kamar zuwa babban asibitin jiha da ke Kalgo. Riga-kafi a nan ya ƙunshi duk matakin da ake ɗauka kafin cuta ta kama mutum: allura, awon ciki, gidan sauro da maganin kariya.

Jadawali mai sauyawa

An shigar da riga-kafin gudawar yara ta rota cikin jadawalin ƙasa a 2022, na ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa a 2023, sannan a Disambar 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21 a Kebbi da Bayelsa. Zaɓen Kebbi ba na banza ba ne, domin binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar zazzaɓin a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar, adadin da ya zarce na kowace jiha.

Wannan allura ta kawo wahalar da ba ta bayyana a takarda. Uwa ta saba cewa idan ta kai jariri a mako 6 da 10 da 14, ta huta da allura sai wata 9, lokacin ta ƙyanda. Yanzu kuwa ana buƙatarta a wata 5 da 6 da 7, sannan a wata 15. Ɗalibin da ya haddace waɗannan lambobi zai ci jarrabawa, amma ba lalle ne ya iya amsa wa matar da ta tako daga ƙauye, da goyo a baya da katin riga-kafi a ƙunshe cikin leda, ta ce yaron ya yi zazzaɓi duk da allurar ba. Amsar tana ga sanin dalili: allurar rage haɗari take yi, ba ta kore shi ɗungurungum, shi ya sa gidan sauro bai zama tsohon yayi ba. Haka nan maganin kariya na damina, wanda ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 wata-wata: na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na sauran kwana biyun kuwa a hannun uwa ake bari, don haka ingancinsa ya rataya ne a kan bayanin da aka yi mata a tsakar gida, da kuma amincewar maigida.

Koyarwa bisa yanayi

A ganin wannan maƙala, ya dace aikin gwaji na ɗalibai ya bi zagayowar shekara. Damina ta zazzaɓi ce, rani da bazara kuma na sanƙarau, kamar yadda ɓarkewarta a Gwandu da Aliero da Jega a farkon 2025 ta tabbatar. Ɗalibin da aka tura Gwandu a watan Maris zai koyi gane sandarewar wuya da gaggauta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ya kuma ga yadda ake bi ta hannun mai unguwa da liman kafin a yi wa jama'a maganar cunkoso a ɗakin kwana. Ya kamata jarrabawar ƙarshe ta ƙunshi zama da uwa ta gaske a gaban malami, a miƙa wa ɗalibi katin da aka tsallake allura biyu a cikinsa, a ga ko ya san cewa ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.