Daga Cornell zuwa New Bell: Tarihin Na'urar "I" ko "A'a"

Mai tsince wake aiki ɗaya yake yi: mai kyau dama, mai ƙwaro hagu. Irin wannan aiki ne masana suka koya wa kwamfuta, wato ta dubi abu ta jefa shi ɗayan gida biyu. Ana kiran wannan rarrabewa gida biyu.

A shekarar 1936 wani masanin ƙididdiga na Ingila, Ronald Fisher, ya nuna yadda za a bambance nau'o'in fure ta hanyar auna tsawo da faɗin ganyensu. A 1958 kuma Frank Rosenblatt na Cornell a Amurka ya gabatar da Perceptron. Na'urar da aka ƙera a kan wannan dabara tana da idanu 400 masu ɗaukar haske. Akan nuna mata hoto ta ba da amsa. In ta yi kuskure, sai a gyara nauyin da take ba kowace alama, har ta riƙa dacewa. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka nuna cewa akwai matsaloli masu sauƙi da suka fi ƙarfinta, saboda layi ɗaya miƙaƙƙe kawai take iya ja tsakanin gidajen biyu. Wannan ya sanyaya gwiwar masu bincike. A 1995 Corinna Cortes da Vladimir Vapnik suka inganta hanyar jan layin da ya fi barin tazara tsakanin ɓangarorin.

Hausa ba ta shiga wannan fage da wuri ba, domin na'ura ba ta koyo sai da misalai masu yawa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti: saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu, har da Hausa. Mutane ne suka karanta su ɗaya bayan ɗaya suna tantance yabo da suka. Gida biyu bai wadatar ba, akwai na uku: saƙon da ba yabo ba suka.

To, ina Hausar New Bell? Wannan unguwa ta birnin Duwala, wadda Jamusawa suka shata gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta zama masaukin baƙi, ciki har da Hausawa 'yan kasuwa. Matashin da ya yi makarantar Faransanci yana iya rubuta "sannou" maimakon "sannu", ya haɗa da kalmomin Faransanci. In aka tambayi na'urar da ta koyi Hausar Kano kaɗai, "Wannan Hausa ce?", tana iya cewa a'a. Daga nan sai a zubar da rubutunsa, na'urar gaba ma ta tashi ba ta san shi ba.

Kuskure iri biyu ne: a karɓi wake mai ƙwaro, ko a yar da mai kyau. Na biyun ba a cika lura da shi ba, don ba mai komawa juji ya duba. Maganinsa shi ne ɗaliban Hausa su tattaro rubutu daga Duwala da Maraɗi da Kumasi, su saka shi cikin misalan.