Shaidar dindindin ga kare: pis, jarfa ko abin wuya, wanne ya kamata a zaɓa?

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana cigiya a gidan rediyo ba. Mai rago in ya zo sai ya ce kunnen dama a tsage yake. Mai raƙumi ya faɗi tambarin da ke bisa cinya. Amma mai kare, abin da yake iya faɗi shi ne: "Ja ne, yana da farar wutsiya." To, jajayen karnuka masu farar wutsiya nawa ne tsakanin Tibiri da Gidan Rumji?

Shi ya sa muka tattara bayani a kan hanyoyin da ake yi wa kare shaida, da amfanin kowace da illarta, don mai karen gadi, da maharbi, da makiyayi, da kuma ƴan uwanmu na waje da ke son tafiya da kare.

Mece ce shaidar dindindin?

Shaida ce mai cika sharuɗɗa uku. Tana jikin karen kansa. Ba ta cirewa, ba ta gogewa da sauƙi. Sannan tana ɗauke da lamba wadda aka rubuta a takarda ko a kwamfuta tare da sunan mai karen. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, shaidar ta rage ƙarfi.

Dalilai uku na yin ta

Na farko, ɓata da sata. Karen farauta mai kyau dukiya ne, kuma in an gan shi a hannun wani, maganar kan kai gaban mai gari. Wanga ya ce nasa ne, wancan ya ce shi ya rene shi tun yana kwikwiyo. Idan babu shaida, sai rantsuwa da ɓacin zumunci.

Na biyu, kuma shi ne babba, ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun shi, kuma wajen kashi 40 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun fito a jikin mutum, kusan ba a tashi. Ranar da kare ya ciji yaro, tambayar farko ita ce: karen wa ne, kuma an yi masa rigakafi? Takardar rigakafi da ba ta nuna wane kare aka yi wa ba, amsarta rabi ce.

Na uku, tafiya. Ƙasashe da yawa ba sa barin kare ya shiga sai da irin shaidar da dokarsu ta ambata.

Hanya ta 1: abin wuya mai lamba

Wannan ita ce mafi araha. A samu fata ko igiya mai ƙwari, a rataya ɗan ƙarfe da aka sassaƙa lambar salular mai gida a kai. Maƙeri ko dukawa na kasuwa suna iya yi. Amfaninta shi ne kowa na iya karantawa, ba sai da na'ura ba, wanda ya tsinci karen sai ya buga waya nan take.

Illarta a fili take: tana tsinkewa, ɓarawo kuma na cire ta cikin ƙiftawar ido. Karen farauta na iya maƙalewa da ita a cikin sarƙaƙiya. Ga kwikwiyo kuwa, in an manta ba a sassauta ba, yana girma tana cin wuyansa. A riƙa dubawa: yatsu biyu su iya shiga tsakanin abin wuyan da fata.

Don haka abin wuya ba ya cikin shaidun dindindin, mataimaki ne. Amma yana da rana. A Njamena ta Cadi, lokacin babban rigakafin karnuka na 2012 da 2013, abin wuya aka riƙa sa wa karnukan da aka yi wa allura, da shi aka iya ƙidaya waɗanda aka yi wa a cikin unguwanni.

Hanya ta 2: yankan kunne da ƙuna

Wannan ita ce wadda muka gada. Ana datse kunne, ko a tsaga shi, ko a ɗora ƙarfe mai zafi kamar yadda ake yi wa bisashe. Ba ta gogewa, gaskiya ne. Sai dai ba ta bambanta kare da kare, tunda rabin karnukan gari irin yankan ke gare su, kuma babu lambar da za a rubuta a takarda. Ga ciwo, ga zubar jini, ga ƙuda da tsutsa a miki musamman da damina. Malamai ma suna tunatar da mu cewa Musulunci ya hana yi wa dabba tambarin wuta a fuska.

Ƴan uwa na Turai su lura: a Faransa da Ingila doka ta hana yanke wa kare kunne, sai in likita ne ya yi don magani. Ba mu ba kowa shawarar wannan hanya.

Hanya ta 3: jarfa

Ana rubuta haruffa da lambobi da tawada a cikin fata, galibi a cikin kunne ko a cikin cinya. A Faransa an daɗe ana amfani da ita, haruffa uku da lambobi uku. Likitan dabbobi ne ke yi, bayan ya yi wa karen allurar barci, domin abin da zafi.

Kyawunta shi ne ido na ganinta. Ko a ƙauyen da babu lantarki, a ɗaga kunne a karanta. Illarta kuma, tana dushewa da shekaru har 8 ta koma kamar 3. A baƙar fata ba ta fitowa sosai, gashi na rufe ta, mugu kuma na iya datse kunnen ya huta. Babbar matsalarta ga matafiyi ita ce dokar Tarayyar Turai: ba a karɓar jarfa wajen ƙetare iyaka sai wadda aka yi kafin 3 ga Yuli 2011 kuma tana karantuwa sarai. Ke nan jarfar da aka yi yau ba ta kai kare Turai.

Hanya ta 4: pis na ƙarƙashin fata

Sunansa ɗaya da pis ɗin salula, amma aikinsu daban. Ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, tsawonsa wajen milimita 12, a rufe cikin gilashin da jiki ba ya ƙi. Likita na sa shi da allura ƙarƙashin fata, ba sai an sa kare barci ba. A Faransa gefen hagu na wuya ake sa shi, a Ingila da Amurka kuwa tsakanin kafaɗu.

Ba shi da batir. Na'urar karantawa ce ke ba shi ƙarfi in an kusanto da ita, sai ya nuna lambobi 15. Uku na farko suna nuna ƙasa ko kamfanin da ya ƙera shi, misali 250 na Faransa ne. Wanda ƙasashe suka fi yarda da shi shi ne mai bin ƙa'idar ISO 11784 da 11785. Sau ɗaya ake sa shi, ya zauna har ƙarshen ran karen.

Ga abubuwa uku da mutane ke kuskure a kai:

Pis ba ya nuna inda kare yake. Ba GPS ba ne. Ba za ka buɗe salula ka ga karenka a dajin Baban Rafi ba. Sai an kama karen an kai shi inda na'ura take.

Pis ba ya ɗauke da sunanka. Lamba ce kawai. Sai an rubuta lambar a rajista tare da sunanka da lambar wayarka take zama shaida. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, a kan dabbobi fiye da 7,000 da aka tsinta, ya nuna kashi 52 cikin 100 na karnuka masu pis sun koma gida, marasa shi kuwa kashi 22. Inda aka kasa samun mai kare duk da pis ɗin, babban dalili shi ne lambar waya da ta canza ko ta mutu. Mu nan da muke sauya layi kamar riga, wannan gargaɗi namu ne.

Pis kan gusa daga inda aka sa shi, ya gangara zuwa kafaɗa ko ƙirji. Shi ya sa in an je rigakafi yana da kyau a ce likita ya sake karanta shi, ya kuma bi jikin duka da na'urar.

Illarsa a wajenmu ita ce ido ba ya ganin shi, kuma na'urar karantawa abin manyan birane ce. Ga mutumin ƙauye, pis shi kaɗai ba zai maido masa da karen da ya ɓace a kasuwar mako ba.

Abin da dokokin waje suka ce

Faransa: dole a yi wa kare shaida in ya wuce wata 4, haka kuma kafin a sayar da shi ko a ba da shi kyauta. Rajistar ƙasar tana hannun I-CAD.

Ingila, Sikotilan da Wales: tun 6 ga Afrilu 2016 pis ya zama dole, kafin kwikwiyo ya wuce mako 8. Tarar na iya kai fam 500.

Amurka: tun 1 ga Agusta 2024, duk karen da zai shiga sai yana da pis, ya kai wata 6, an kuma cika takardar hukumar CDC. Nijar da Najeriya suna cikin ƙasashen da hukumar ta lissafa masu haɗarin haukan kare, don haka sharuɗɗan karnukanmu sun fi tsanani.

Tarayyar Turai, ga karen da ya taso daga Nijar, jerin aikin yana da tsari, kuma in an kuskure shi sai a sake daga farko:

1. A sa pis tukuna.
2. A yi rigakafin hauka bayan pis ko a rana ɗaya, kare yana da aƙalla mako 12. Allurar da aka yi kafin pis ba ta ƙirguwa.
3. Bayan aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a aika dakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi.
4. A jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin.
5. A karɓi takardar lafiya daga likitan gwamnati dab da tafiya.

Duka-duka wata 4 ne mafi ƙaranci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ya shafi musamman masu son ɗaukar karen Azawak, dogon karen nan siriri mai gudu da Buzaye ke kira oska, wanda asalinsa kwarin Azawak ne tsakanin arewacin Tawa da Mali, kuma Turawa ke kiwonsa tun shekarun 1970. Tunda dokoki na canzawa, a tambayi ofishin jakadanci da kamfanin jirgi kafin a yanki tikiti.

To, wanne za a zaɓa?

Amsar tana ga inda karen ke zaune da inda zai je.

Karen ƙauye, na gadi ko farauta ko kiwo: abin wuya mai lambar waya, da karnen rigakafi, da hotuna. A ɗauki hoton karen ta dama da ta hagu da ta gaba, a ɗauki tabo ko wata alama da aka haife shi da ita, a ɗauki guda tare da mai gida. A tura hotunan ga wani ɗan uwa ta WhatsApp, don ko waya ta ɓace suna nan. A cikin karnen kuma a roƙi ma'aikacin ya rubuta kamannin karen dalla-dalla: launi, namiji ko mace, shekaru, alamu. In ana son abin da ya fi haka kuma akwai likitan da ya iya, jarfa a kunne ta fi pis amfani a inda babu na'ura.

Karen birni, a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, musamman mai tsada: pis tare da abin wuya. A tambayi likita tambayoyi uku kafin a biya: pis ɗin na ISO ne mai lamba 15? Kana da na'urar karantawa? A ina za a rubuta lambar? A sa ya karanta shi a gabanka kafin allura da bayanta, a kuma manna lambar cikin karne.

Karen da zai ƙetare zuwa Turai ko Amurka: pis kawai, babu zaɓi.

Inda za a nemi bayani shi ne ma'aikatar kiwo ta jiha ko ta gunduma, waɗanda muke kira ƴan elebaj, ko likitocin dabbobi masu zaman kansu na SVPP da ke aiki a karkara. Kada a bar wanda ba ma'aikaci ba ya soka wa kare pis ko ya yi masa jarfa.

In kare ya yi cizo

Da shaida ko babu, matakin farko ɗaya ne. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a garzaya CSI ko asibiti a ranar, ko da ƙarzuna ce kawai. Kada a tsaya jiran ganin halin karen kafin a je. Shi kuma karen a ɗaure shi, a sanar da ƴan elebaj, a sa masa ido kwana 10 kamar yadda OMS ta tanada. A nan ne shaida ke nuna amfaninta: an san mai shi, an san ranar allurarsa, an kuma tabbata karen da aka ɗaure shi ne wanda ya yi cizon.

Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, ciwon na daina yaɗuwa a tsakaninsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Mai karen da bai da karne, kada ya jira ta. Ya je wajen ƴan elebaj a wannan makon.

Mai tambaya ko ƙarin bayani yana iya kiranmu a filin noma da kiwo. Ƴan uwa na ƙetare kuma, ku karanta wa na gida wanga bayani in kun yi waya. Allah shi kiyaye mu da ɗiyanmu.