Masifar da ba mu saba da ita ba

A watan Fabrairu na 1979 dusar ƙanƙara ta sauka a Ain Safra, wani garin Aljeriya da ke bakin Sahara. Rabin awa kawai ta yi, amma motoci suka tsaya cak, don garin bai saba da ita ba. Da na karanta labarin, sai na tuna Damargu.

Mu fari muka sani. Har yau kakata da yunwar 1973 da ta 1984 take lissafin shekarun ƴaƴanta. Shi ya sa daga Tanut har Belbeji dabararmu duk a kan rumbu ta ƙare: a ɓoye gero, a yi tattalin ruwan rijiya. Ginin ƙasa kuwa, sai a shekara biyu ba a sake yaɓe ba.

Sai ga damanar 2024. Ruwan da muke roƙo ya zo, ya wuce kima. Ran 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Mu ma a unguwarmu, da tsakar dare bangon ɗakin kakata ya jiƙe ya zube. Allah ya sa tana waje.

Gayya ce ta fisshe mu. Samari suka fito da shebur suka buɗe wa ruwa hanya, aka kwashe tsofaffi zuwa azuzuwan lakwal, mai sauran gero ya auna wa maƙwabci tiya.

Ƴan uwa, kakanni sun bar mana tanadin fari. Gyaran indararo kafin damana da daina gini a hanyar ruwa kam, mu ya rage wa.