Rubutun Allo a Fuskar Kwamfuta

A titin Rabah da ke Kaduna, cikin gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, akwai cibiyar Arewa House wadda aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Ita da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke cikin garin suna riƙe da ɗimbin takardun Larabci da ajami na malaman ƙasar nan. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane hannun da ke cikinsu tun daga nesa: baƙi mai kauri, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya tak a sama, wasula da jar tawada, ga ɗigon yamala a ƙarƙashin baƙi, wanda mai ajami ya ara ya rubuta sautin "e". Asalin wannan hannu Magrib ne, tare da ƙira'ar Warshu ya zo, ya daɗe a Barno har ya sami kamanninsa, Kano kuma ta ƙara masa kauri. Ra'ayina shi ne rashin haruffan ɗab'i masu wannan kama ya cuci ajami kusan yadda siyasar Turawa ta cuce shi.

Laifin Turawa sananne ne. Tun da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, boko ya zama rubutun hukuma, kuma da shi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa haruffan dalma na Larabci da maɗaba'u ke iya samu zubin Gabas ne, sirara, an ƙera su domin masu karatu irin na Masar da Sham. Gardin da ya sauke a tsangaya idan ya ga ɗigo ɗaya a kan baƙi ƙaf zai karanta, alhali mai zubin fa yake nufi. Masu maɗaba'a a Kano sun gane haka, suka bi wata hanya: alaramma ya rubuta da alƙalaminsa, a ɗauki hoton shafin, a buga dubbai. Ta haka hannun marubuta irin su Sharif Bala Gabari ya shiga gidaje, littattafan kasuwar Kurmi suka bazu. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Ta dace da Alƙur'ani da Ahalari da Ishiriniya, littattafan da ba sa canzawa. Jaridar yau da gobe, takardar ofis da sanarwar asibiti ba za su jira marubuci ya feƙe alƙalami ba, sai boko ya cinye wannan fage duka.

Shi ya sa nake ganin abin da ya faru a 'yan shekarun nan babba ne. A 2016 tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya karɓi fa da ƙaf da nun irin na Afirka. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin haruffa mai suna Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa rubutun Kano, kuma kyauta ake saukar da shi. Aikin ba ƙarami ba ne, domin baƙin Larabci yana sauya kama a farko da tsakiya da ƙarshen kalma, kuma dole wasali ya sami wurin zama a kan baƙi mai kauri ba tare da ya hau ɗigo ba.

Akwai masu cewa na'ura za ta kashe sana'ar alarammomi. Tarihin Kano bai goyi bayansu ba, don ɗab'i ne ya fito da sunan marubutan da a da unguwarsu kaɗai ta san su, kuma babu mai neman mushafi mai zayyana da zai gamsu da aikin kwamfuta. Wasu na cewa 'yan Islamiyya sun koma ƙira'ar Hafsu da rubutun Gabas, don haka a bar tsohon hannu ya huta. Gaskiya ne sun yi yawa, a Kaduna ma musamman, amma tsangayu ba su rufe ba, kuma dattijon da ke karanta "Naira dubu" a jikin kuɗi yana nan da ransa, shi ne wanda aka manta da shi lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira a 2007. Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa SIL ƙungiya ce mai alaƙa da aikin mishan. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata ya dame mu ta wata fuskar: hannun kakanninmu ne, amma wasu suka riga mu zana shi. Lasisin zubin ya yarda kowa ya gyara shi ya sake masa suna. Alkalami hannu ɗaya ya kwaikwaya, na Kano, alhali a akwatunan Arewa House akwai hannun Barno da na malaman Sakkwato, kowanne da yadda yake jan lam da naɗe ha kuri, kuma ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, wadda cibiyar ke ƙarƙashinta, suna iya zama su auna su baƙi bayan baƙi.